Yadda Ake Fara Koyon Faransanci: Kalmomin Farko da Ginshiƙan Nahawu

Ƙasashe huɗun da suka yi iyaka da Najeriya ta tudu, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk suna amfani da Faransanci a makaranta da ofis. Ko a Nijar, inda a shekarar 2025 hukuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki. Ɗan kasuwar da ya tsallaka daga Jibiya zuwa Maraɗi zai gama cinikinsa tsaf da Hausa, amma da zarar an miƙo masa takardar duwan, wato kwastan, ko ta asibiti, zai ga Faransanci ne a rubuce. Na daɗe ina koyar da masu farawa, kuma abin da na lura shi ne Bahaushe yana da rabin nahawun nan a bakinsa tun kafin ya buɗe littafi. Abin da ke kayar da shi kawai shi ne karanta Faransanci da ƙa'idar rubutun boko, inda ake furta kowane harafi. Saboda haka tsarin da ke ƙasa ya sa kunne da baki a gaba, alƙalami a baya.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar littafin rubutu guda biyu, ɗaya na kalmomi, ɗaya na jimloli da aikatau. Ana buƙatar biro kala biyu, shuɗi da ja, kuma amfaninsu zai bayyana a mataki na uku. Sai ƙaramin ƙamus wanda yake nuna jinsin kowane suna da harafin m ga namiji ko f ga mace. Ƙamusun da ba ya nuna wannan bai cancanci kuɗinka ba, komai arharsa. Sai waya mai iya ɗaukar murya, domin ka riƙa jin kanka, da kuma wata kafa ta sauraren Faransanci kullum. Gidan rediyon RFI yana da shirin labarai na kimanin minti 10 da ake kira Journal en français facile, ana karanta shi a hankali, kuma ana samun rubutunsa a intanet.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran daraja, shi ne mutumin da za ka yi magana da shi. Idan kana kusa da cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française, kamar ta Kano, to ka yi rajista. Idan babu hali, da wuya a rasa ɗan Nijar ko Kamaru ko Togo a unguwa, tela ko mai shayi ko magini, wanda zai ba ka minti goma ya saurare ka. Ka ɗauki furuci da saurin magana daga wurinsa, ka bar ƙa'idar rubutu ga littafi, domin wanda ya koyi harshe a tasha ba lalle ne ya san yadda ake rubuta shi ba. Wanda ba shi da data kullum zai iya sauke shirye-shirye kaɗan lokaci guda ya riƙa maimaita su, kuma a matakin farko maimaita shiri ɗaya sau da yawa ya fi sauraren sabo kowace rana amfani.

Mataki na 1: Gyara furuci kafin haddace komai

Ka ba wannan mataki mako guda cur, kada ka yi gaggawar wuce shi. Ƙa'ida ta farko ita ce baƙin da ya zo a ƙarshen kalma yawanci ba a furta shi. Ana rubuta Paris a ce "Pari", ana rubuta petit a ce "peti", ana rubuta beaucoup a ce "boku". Baƙaƙe huɗu ne suka fi fita daga wannan ƙa'ida, wato c da r da f da l, kamar a sac, jaka, da bonjour, da neuf, tara, da sel, gishiri. Harafin h kuwa ba a furta shi ko kaɗan.

Ƙa'ida ta biyu ita ce haruffa biyu ko uku sukan haɗu su ba da sauti ɗaya. Ou ita ce "u" ta Hausa, oi ita ce "wa", au da eau duk "o" ne, ch ita ce "sh", gn kuma "ny" ce. Wanda ya riƙe waɗannan biyar zai karanta trois a matsayin "trwa", ya karanta eau, wato ruwa, a matsayin "o" kawai.

Yanzu sai wuraren da harshen Bahaushe yake turjiya. Hausa ba ta bambanta p da f, kuma ba ta da v, alhali a Faransanci waɗannan sautuka suna canza ma'ana ƙwarai. Pain burodi ne, faim yunwa ce. Boire sha ne, voir gani ne. Maganin wannan shi ne madubi. Wajen furta p da b, leɓɓa biyu ne suke haɗuwa su rufe. Wajen furta f da v, haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Ka tsaya gaban madubi kana cewa pain, faim, boire, voir, kana kallon bakinka, har bambancin ya zauna. Sai wasalin u na Faransanci, wanda babu shi a Hausa: ka furta "i" mai tsawo, sannan ba tare da motsa harshe ba ka turo leɓɓanka gaba kamar mai shirin busa. Da shi ake bambanta tu, kai, da tout, duka, da kuma dessus, a sama, da dessous, a ƙasa. Wasulan hanci, kamar an da on da in, ana fitar da iskarsu ta hanci ne ba tare da harshe ya taɓa dasashi don yin "n" ba.

Akwai wurare biyu da mai koyo zai samu sauƙi. Harafin r na Faransa daga maƙogwaro yake fitowa, kusa da gainun na Larabci, don haka duk wanda ya yi karatun allo ya san mafitarsa. Idan ya ƙi fita, kada ka tsaya a kansa, domin mutane da yawa a Afirka ta Yamma suna kaɗa r ɗin da harshe kuma ana fahimtarsu sarai. Harafin j kuma daidai yake da yadda Hausawan Nijar suke furta j, mai laushi, ba mai ƙarfi irin ta Kano ba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne sadarwa tsakanin kalmomi. Baƙin ƙarshe da ya yi shiru yakan farka idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, shi ya sa les amis, abokai, ake furta shi "lezami". Rashin sanin wannan ne yake sa mai koyo ya kasa gane kalmomin da ya riga ya sani idan ya ji su a rediyo.

Mataki na 2: Jimlolin da za a fara amfani da su yau

Waɗannan ana haddace su ne dunƙule, ba tare da tambayar nahawunsu ba. Bonjour gaisuwa ce daga safe har yamma, bonsoir ta maraice ce, au revoir ita ce sai an jima. Merci na gode, s'il vous plaît don Allah, pardon a yi haƙuri. Je m'appelle sunana, comment allez-vous yaya kuke, je vais bien lafiya lau nake. Uku da suka fi ceton mai farawa su ne je ne comprends pas, ban gane ba. Répétez, s'il vous plaît, don Allah a maimaita. Da parlez lentement, a yi magana a hankali.

A kula da tu da vous. Tu na aboki ne da yaro da ɗan gida, kuma ba ta bambanta kai da ke. Vous ta jama'a ce, sannan ita ce ta girmamawa ga mutum ɗaya, kamar yadda a wasu gidaje ake ce wa dattijo "ku". Jandarma, malami, likita, da duk wanda ba ka sani ba, vous ake ce musu, kuma shawarata ita ce mai farawa ya riƙe vous har sai an ce masa ya sauke. A Faransa gaisuwa gajera ce, amma shiga kanti ba tare da cewa bonjour ba rashin ladabi ne babba. A Yamai ko Damagaram kuwa za ka ji ana ƙara et la famille, wato ya iyali, ana kuma tarbar baƙo da bonne arrivée, wanda a Faransa bienvenue ake cewa.

Mataki na 3: Kowane suna da jinsinsa

Nan ne tushen aikin. Kamar a Hausa, kowane suna a Faransanci ko namiji ne ko mace, kuma 'yar kalmar da ke gabansa ce take nuna hakan: le ko un ga namiji, la ko une ga mace, les ko des ga jam'i. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan cewa kujera tana iya zama mace, wanda kuwa babban cikas ne ga masu wasu harsunan. Tarkon shi ne jinsin Hausa da na Faransanci ba su cika dacewa ba. Mota da hanya da kujera mata ne a duka biyun: la voiture, la route, la chaise. Amma rana mace ce a Hausa, le soleil namiji ne. Wata namiji ne, la lune mace ce. Gida namiji ne, la maison mace ce. Kasuwa mace ce, le marché namiji ne.

Saboda haka kada ka taɓa rubuta suna shi kaɗai a littafinka. Ka rubuta shi da 'yar kalmarsa, namiji da shuɗin biro, mace da ja, kuma ka furta su tare kamar kalma ɗaya. Idan sunan ya fara da wasali, le da la duk suna komawa l', kamar l'école da l'argent, jinsin ya ɓuya. A irin wannan sai ka rubuta une école, makaranta, ko ka sa m a gefen l'argent, kuɗi. Hausawan Nijar da suke cewa lakwal sun aro sunan ne tare da 'yar kalmarsa, kuma haka ya kamata mai koyo ya riƙe kowane suna.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar cewa duk kalmar da ta ƙare da e mace ce, ta hanyar kwatanta ta da sunayen Hausa masu ƙarewa da a. Le livre, littafi, da le problème, matsala, duk maza ne. Alamun da za a iya dogara da su kaɗan ne: masu ƙarewa da -tion da -té galibi mata ne, masu ƙarewa da -ment da -age da -eau galibi maza ne, ko da yake l'eau da la page sun saɓa.

Kada ka wuce sunaye goma a rana, kuma ka ɗauko su daga abin da idonka yake gani. Ka zauna a ɗakinka ka rubuta la porte a takarda ka manna a ƙofa, la fenêtre a taga, le lit a gado, la natte a gefen tabarma, le seau a bokiti. Washegari ka koma kicin: le riz shinkafa, la viande nama, l'huile mai, le lait madara, le mil gero. Jam'i kuwa abu ne mai sauƙi ga wanda ya saba da jam'in Hausa mai siffofi barkatai: ana ƙara s a rubuce, ba a furta ta, kunne yana gane jam'i ne daga les kawai.

Mataki na 4: Mallaka da sifa

Yadda Hausa take cewa nawa da tawa, littafina da motata, haka Faransanci yake cewa mon livre da ma voiture. Jinsin abin da aka mallaka ne yake zaɓar kalmar. Haka ton da ta, naka ko naki, da son da sa. Bambancin da za a kiyaye shi ne son livre yana nufin littafinsa ko littafinta, sa voiture kuma motarsa ko motarta, domin ba a duba jinsin mai abin.

Sifa tana bin jinsin suna kamar fari da fara: petit da petite, grand da grande, blanc da blanche. E ɗin da aka ƙara tana tayar da baƙin ƙarshe, sai a ji "peti" ga namiji, "petit" ga mace. Yawancin sifofi suna zuwa bayan suna, kamar une voiture blanche, amma kaɗan da ake yawan amfani da su, irin su grand, petit, bon da nouveau, gaba suke zuwa.

Mataki na 5: Aikatau uku da ba a yi sai da su

Ka keɓe shafi guda ga kowanne a littafi na biyu. Être na kasancewa ne: je suis, tu es, il est ko elle est, nous sommes, vous êtes, ils sont. Avoir na mallaka ne: j'ai, tu as, il a, nous avons, vous avez, ils ont. Aller na tafiya ne: je vais, tu vas, il va, nous allons, vous allez, ils vont. Ba su bin wata ƙa'ida, haddace su ake yi da baki kamar hadda, amma kowane layi a cikin jimla ta gaske: je suis commerçant, ni ɗan kasuwa ne, elle a trois enfants, tana da 'ya'ya uku, nous allons à Maradi, za mu Maraɗi.

A saurari bambancin ils sont da ils ont da kyau, na farko da "s", na biyu da "z". Sannan a sani cewa yunwa da ƙishirwa da shekaru da avoir ake faɗarsu: j'ai faim, j'ai soif, j'ai vingt ans. Waɗanda suka yi makarantar Turanci su ne suka fi cewa je suis a waɗannan wurare, kuma kuskure ne. Daga avoir ne kuma aka samu il y a, akwai, da il n'y a pas de, babu.

Mataki na 6: Aikatau masu ƙarewa da -er

Mafi yawan aikatan Faransanci suna cikin wannan rukuni, kuma wanda ya iya ɗaya ya iya saura. A ɗauki parler, yin magana: a cire -er, a ƙara wutsiyoyi, a samu je parle, tu parles, il parle, nous parlons, vous parlez, ils parlent. A rubuce siffofin suna da yawa, amma a baki uku ne kawai, domin parle da parles da parlent furucinsu ɗaya ne, kuma furta -ent ɗin ƙarshe shi ne alamar wanda ya koyi harshen da ido kaɗai. Ka gwada da travailler, yin aiki, habiter, zama a wuri, chercher, nema, donner, bayarwa, da manger, ci. Akwai kuma wakilin suna on, wanda ya yi daidai da "ana" ta Hausa: on parle français ici, ana Faransanci a nan. A hirar yau da kullum ana sa shi a madadin nous.

Mataki na 7: Korewa da tambaya

Yadda Hausa take sa aikatau tsakanin ba da ba, haka Faransanci yake sa shi tsakanin ne da pas: je ne parle pas, il n'est pas là. A magana ta sauri mutane sukan haɗiye ne, amma kai ka riƙa faɗarta, kuma a rubutu dole ce. Bayan korewa un da une da des suna komawa de: j'ai un frère, amma je n'ai pas de frère.

Tambaya mafi sauƙi ita ce a ɗaga murya a ƙarshen jimla, ko a fara da est-ce que, wadda take aikin "shin". Kalmomin tambaya su ne qui wa, où ina, quand yaushe, comment yaya, pourquoi don me, combien nawa. A rubutu a kula da 'yar alamar da ke kan où, domin ou marar ita "ko" take nufi.

Mataki na 8: Ƙidaya da kuɗi

Daga 1 zuwa 16 haddacewa ake yi, daga 17 zuwa 69 kuma haɗawa ce mai sauƙi. Wahalar tana farawa daga 70, wanda ake ce wa soixante-dix, sittin da goma. 80 shi ne quatre-vingts, ashirin sau huɗu, 90 kuma quatre-vingt-dix. Don haka 97 shi ne quatre-vingt-dix-sept. A Beljiyam da Suwizalan ana cewa septante da nonante, amma a maƙwabtanmu tsarin Faransa ake bi. Idan ka ji soixante ko quatre-vingt, ka dakata da rubutu har mai magana ya ƙarasa, domin waɗanda suke saurin rubuta 60 su ne suke gogewa idan douze ta biyo baya ta mayar da shi 72. Lambar waya bibbiyu ake karanta ta, kuma ita ce atisaye mafi kyau: ka sa wani ya karanto maka lambobin ƙarya kana rubutawa.

Ga mai zuwa Nijar akwai wani abin lura da littattafai ba sa faɗa. A kasuwa Hausa tana ƙirga sefa da dala ne, kuma dala ɗaya faran 5 ce, alhali Faransanci faran yake ƙirgawa kai tsaye. Abin da aka ce maka dala ashirin shi ne cent francs, 100. Dala ɗari ita ce cinq cents francs, 500. Jaka ɗaya ita ce mille francs, 1000. Idan ka tambaya c'est combien aka amsa da Faransanci, adadin da ke jikin takardar kuɗin aka faɗa maka, kada ka ninka shi.

Mataki na 9: Gobe da jiya

Lokaci mai zuwa ba ya buƙatar sabon abu: aller ce da ka riga ka haddace, sai aikatau yadda yake a ƙamus, daidai da "zan" ta Hausa. Je vais manger zan ci, nous allons travailler demain za mu yi aiki gobe. Wannan zai wadatar da kai watanni kafin ka nemi ɗaya siffar.

Shuɗaɗɗen lokaci ana gina shi da avoir, sannan aikatau mai -er ya koma -é: j'ai mangé na ci, elle a parlé ta yi magana, je n'ai pas mangé ban ci ba. Wasu 'yan aikatan zuwa da tafiya, kamar aller, venir, arriver, partir, entrer da sortir, être suke ɗauka, kuma a nan jinsin mai magana yana fitowa a rubutu: namiji ya rubuta je suis allé, mace ta rubuta je suis allée. Manger da mangé da mangez furucinsu ɗaya ne, shi ya sa ake yawan rikita su a takarda. Bayan aller -er ake rubutawa, bayan avoir -é, bayan vous kai tsaye kuma -ez.

Mataki na 10: Tsarin kowace rana

Rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi. Ka fara da minti goma na saurare, kana maimaita jimla ɗaya ko biyu da ƙarfi bayan mai karatu ko da ba ka gane komai ba. Minti goma na biye na bitar sunayen jiya ne, ka rufe gefen Faransanci ka faɗo su da le ko la ɗinsu kafin ka ƙara sababbi. A minti goman ƙarshe ka rubuta jimloli biyar a kan yininka, ɗaya a kore, ɗaya tambaya, ɗaya ta jiya, ɗaya ta gobe, ka ɗauki muryarka kana karanta su, sannan ka kai wa abokin maganarka ya gyara. Kada ka ba manhajar fassara jimlar Hausa ta juya maka. Ka gina da kanka, ka nemi kalma ɗaya tak a ƙamus idan ta ɓace maka.

Idan ka kai inda za ka gabatar da kanka, ka yi ciniki, ka tambayi hanya, ka kuma ba da labarin jiya a jimloli goma ba tare da duba littafi ba, ka isa ka fara shirin jarrabawar DELF, ta shaidar iya Faransanci, a matakin masu farawa na A1, wadda ake rubutawa a cibiyoyin Alliance Française. Ɗaliban jami'a a Najeriya kuma suna da ƙauyen koyon Faransanci na Badagry a jihar Legas, wanda aka kafa a 1991, inda ake zama ana magana da harshen dare da rana. Kafin nan, aikatan da suka kamata ka ƙara a littafinka su ne faire, yi, venir, zo, vouloir, so, pouvoir, iya, da prendre, ɗauka, kowanne da shafinsa da jimlolinsa kamar yadda ka yi wa ukun farko.